Ƙwayoyin Asali Daga Ruwan Gwiwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Guringuntsi

A ƴan shekarun nan masu ciwon gwiwa a Maraɗi da kewaye sun fara zuwa da wata tambayar da ba a saba ji ba. Wani a wayarsa ya gani, wata kuma ɗanta da ke karatu a waje ne ya ba ta labari, cewa yanzu ana zuƙo ruwan da ke cikin gwiwar mutum, a tsamo wasu ƙwayoyin halitta daga cikinsa, a rene su, sannan a mayar da su domin su gyara guringuntsin da ya cinye. Maganar tana da tushe a ilimi, sai dai tana isowa kunnuwan jama'a a gauraye da tallar masu neman kuɗi. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan lamarin, na amsa su gwargwadon abin da bincike ya tabbatar.

Mene ne guringuntsin gaɓa, kuma me ya sa ba ya warkewa kamar sauran jiki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar layya, lokacin da yake raba ƙafar rago a gwiwa, ya ga abin da idonsa. Kan ƙashin fari ne fat, yana sheƙi kamar tangaran, in ka shafa da yatsa sai ya zame. Wannan shimfiɗa ita ce guringuntsin gaɓa. A gwiwar ɗan Adam kaurinta yawanci milimita 2 zuwa 4 ne, amma ita ke ɗaukar nauyin mutum tsawon rayuwarsa, a gona, a bakin turmi, a kan babur, da wajen ruku'u da sujada. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na guringuntsi ruwa ne, wanda wasu zaruruwa masu ƙarfi da ake kira kolajin suka taimaka wajen riƙewa kamar yadda soso ke riƙe ruwa.

Matsalarsa ita ce babu jijiyar jini ko ɗaya da ke ratsa shi. Idan fata ta yanke, jini ne ke kawo kayan gyara. Idan ƙashi ya karye, maɗori ko likita daidaita shi kawai yake yi, jini ne ke kawo abin da zai haɗe shi. Guringuntsi bai samu wannan gata ba, kuma ƴan ƙwayoyin da ke cikinsa kowace a kulle take cikin ɗan raminta, ba ta iya tasowa ta je inda aka ji rauni. Ba shi da jijiyar jin zafi ma, shi ya sa yakan daɗe yana cinyewa mai shi bai sani ba, sai lalacewar ta kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi. Tun a 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau da wannan matsalar ake fama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da amosanin gaɓɓai na cinyewar guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Ana yawan cewa “ruwan gwiwa ya ƙare”. Da gaske yana ƙarewa?

Kowace gaɓa mai motsi a cikin wata jaka take, kuma a cikin jakar akwai siririn tantani da ke tsatso ruwa mai yauƙi. Lafiyayyen ruwan gaɓa garau yake, da ɗan launin busasshen kara, idan aka ɗiga shi tsakanin yatsu biyu aka buɗe sai ya ja zare kamar yauƙin kuɓewa. A lafiyayyar gwiwa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Shi ke sa ƙasusuwa su zame a kan juna, shi ne kuma abincin guringuntsi: duk takun da mutum ya yi yana matse guringuntsin ya sake shi, ruwan ya shiga ya fita.

A gwiwar da ta cinye, sau da yawa ruwan ƙaruwa yake yi, sai dai ya tsinke ya rasa yauƙinsa. Na tuna wata dattijuwa daga wajen Tibiri da ta zuba wa sirinji ido yana cika da ruwan gwiwarta, ta ce, “Ɗana, ashe duk wannan yana ciki, ake ce mini ya ƙare?” Aka ce mata, “Inna, ruwan yana nan, yauƙinsa ne ya ragu.” Ƙarar da take ji idan ta miƙe daga tabarma ta guringuntsin da ya yi kaushi ce. Irin wannan ruwan da ake zuƙewa a zubar shi ne masu bincike suka waiwaya suka duba.

Mene ne ƙwayoyin asali?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma mafi yawansu sun riga sun kama sana'a ɗaya, wata ta fata, wata ta tsoka, wata ta jini. Ƙwayoyin asali, waɗanda takardun likita na Faransanci ke kira cellules souches, su ne waɗanda ba su kama sana'a ba tukuna: suna iya rabuwa su yawaita, suna kuma iya rikiɗa su zama wani nau'in. Na ɗan tayi a kwanakinsa na farko suna iya zama kowane sashe na jiki. Na jikin babban mutum iyakarsu ƴan nau'o'i, kuma waɗanda muke magana a kansu suna iya zama ƙashi, ko kitse, ko guringuntsi.

Alexander Friedenstein ne ya fara gano irinsu a cikin ɓargo, a Mosko, tsakanin shekarun 1960 da 1970. Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da suka shahara da shi a Turance, mesenchymal stem cells, a 1991, sannan a 2017 shi da kansa ya nemi a canja sunan, domin bincike ya nuna cewa idan aka sa su a jiki ba kasafai suke zama sabon nama ba. Yawancin aikinsu fitar da sinadarai ne da ke kwantar da kumburi, suna zaburar da ƙwayoyin da ke wurin. Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai ciwo, domin raguwar zafi daban, tsirowar sabon guringuntsi daban.

Yaya aka yi aka san suna cikin ruwan gaɓa?

A 2001 Cosimo De Bari da abokan aikinsa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka ware su daga tantanin da ke lulluɓe gaɓa. A 2004 Elena Jones da tawagarta a Leeds ta Ingila suka nuna cewa suna yawo a cikin ruwan kansa. Bayan haka tawagar Ichiro Sekiya a Tokyo ta gano cewa a lafiyayyar gwiwa ƴan ƙalilan ne, amma suna ƙaruwa sosai bayan jijiyar da ke ɗaure gwiwa daga ciki ta tsinke, suna kuma ƙaruwa gwargwadon yadda guringuntsi ya lalace. Masana da yawa suna fassara wannan da cewa jiki ne ke yunƙurin gyara kansa, sai dai ƙwayoyin da yake turowa ba su isa aikin ba. Daga nan tunanin ya taso: a ɗebo kaɗan ɗin, a yawaita su a waje, a mayar da su.

Ta yaya ake ware su daga ruwan?

Aikin yana farawa da abin da likitocin ƙashi suka saba yi. A wanke fatar gwiwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa sabuwar allura ta gefen ƙoƙon gwiwa, a zuƙo ruwan cikin sirinji, a rufe shi, a garzaya da shi ɗakin gwaje-gwaje. A can sai a tsinka shi da ruwan gishiri na musamman saboda yauƙinsa, a tace shi da rariya mai ƙananan ƙofofi domin cire gutsattsarin nama, a sa shi cikin na'ura mai wulwulawa da gudu har ƙwayoyin su kwanta a gindin kwalba kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan ƙwarya. A tsiyaye ruwan sama, a kwashi abin da ya kwanta a zuba cikin faifan roba mai ɗauke da ruwan abinci, wato sukari da gishiri da sinadaran gina jiki da ruwan jini. A wasu gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, daga jinin majinyacin kansa ake tace wannan ruwan jinin.

Daga nan faifan zai shiga wani akwati mai kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda ke riƙe zafi a digiri 37 daidai da na jiki, da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. A nan ne ainihin warewar take faruwa, kuma dabarar mai sauƙi ce ƙwarai. Ƙwayoyin asali suna da ɗabi'ar mannewa a jikin roba, yawancin ƙwayoyin jini kuwa yawo suke yi a cikin ruwa. Idan aka canja ruwan abincin bayan ƴan kwanaki, masu yawo sun tafi, masu mannewa sun zauna. Cikin kusan mako 2, wanda ya leƙa ta madubin ƙara girma zai ga kowace ƙwaya ɗaya ta haifi tsibiri guda na ƴaƴanta, sirara masu tsini a kai da gindi kamar mazari, sun jeru suna murɗawa. Idan faifan ya cika sai a ɓamɓaro su da wani sinadari, a raba su cikin sabbin faya-fayai, a ci gaba da haka har su kai miliyoyi. Wanda ake son ajiyewa sai a daskarar da shi a ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Duk wannan makonni yake ɗauka. Saboda haka duk wanda ya ce zai zuƙi ruwan gwiwarka da safe ya mayar maka da miliyoyin ƙwayoyin asali da la'asar, ba wannan aikin yake yi ba.

Ta yaya ake tabbatar da cewa su ne aka samu?

A 2006 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana jinya da ƙwayoyin halitta ta kafa sharuɗɗa uku. Dole su manne a roba. Dole aƙalla kashi 95 cikin ɗari su ɗauki wasu alamomi a bayansu da ake kira CD73 da CD90 da CD105, kuma kada su ɗauki alamomin ƙwayoyin jini irin su CD45 da CD34. Dole kuma a nuna cewa suna iya zama ƙashi da kitse da guringuntsi. Domin gwada na ƙarshen, ana dunƙule su su zama ɗan ƙwallo da bai fi ƙwayar gero ba, a ciyar da shi da sinadarin da ke tura su zama guringuntsi har kusan mako 3, sannan a yanka shi siriri a rina shi. Idan ya kama rinin, ya fara ƙera kayan guringuntsi ke nan. Kafin a sa su a jikin mutum kuma sai an tabbatar babu ƙwayar cuta a cikinsu.

Tunda akwai su a ɓargo da kitse, me ya sa ake neman na ruwan gaɓa?

Ɗebo ɓargo sai an huda ƙashin ƙugu, ɗebo kitse sai an zuƙe shi daga ƙarƙashin fata, yanko tantanin gaɓa kuma sai an shiga gwiwa da na'urar leƙe. Ruwan gaɓa allura ɗaya ce, kuma ga mai kumburarriyar gwiwa dama za a cire shi. Wani kwatancen da aka yi a Tokyo a 2005 ya nuna cewa ƙwayoyin tantanin gaɓa sun fi na kitse da na tsoka iya zama guringuntsi, kuma na cikin ruwa sun fi kama da su a ɗabi'a. Illarsu ita ce ƙarancinsu, da bambancin yawansu daga mutum zuwa mutum, ga shi kuma idan aka daɗe ana renon su a faifai tsufa suke yi, ƙarfinsu ya ragu.

To, an warkar da mutane da wannan hanya?

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Ƙwayoyin ruwan gaɓa har yanzu a matakin bincike suke, kuma mafi yawan abin da aka sani game da su daga faifai ne da jikin dabbobi. A 2015 tawagar Sekiya ta ba da rahoton mutum 10 masu rami a guringuntsin gwiwa, waɗanda aka ɗora wa ƙwayoyin da aka rena daga tantanin gaɓarsu, kuma hoton IRM, wanda ke nuna cikin gaɓa, da yanayin tafiyarsu sun nuna sauƙi. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutum 10 ne, ba a kwatanta su da wasu da ba a yi wa ba, kuma daga tantani aka ɗebo ƙwayoyin.

Sannan dole a raba ciwo biyu da jama'a ke haɗawa. Akwai ɗan kokawar da aka murɗe wa ƙafa a fili, ko ɗan kabu-kabun da ya faɗi, wanda guringuntsinsa ya ɓantare a wuri ɗaya alhali sauran lafiya lau. Akwai kuma dattijon da shimfiɗar gaba ɗaya ta suɗe, ƙafar ta fara lanƙwasa. Mai faci yana toshe huda ɗaya a taya mai kyau, amma tayar da ta cinye ko'ina ba ta karɓar faci. Ga na farkon akwai hanyoyin da aka daɗe ana bi. Ana huhhuda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin domin ɓargo ya tsatso ya cike shi, sai dai abin da ke tsirowa tabo ne mai kama da guringuntsi, bai kai na asali ƙarko ba. A 1994 kuma Mats Brittberg da Lars Peterson a Gothenburg ta Suwidin suka ba da rahoton mutum 23 da aka rena ƙwayoyin guringuntsinsu aka dasa musu, kuma Amurka ta amince da wani sabon salon wannan aikin a 2016. Koriya ta Kudu ta amince da wani magani mai suna Cartistem a 2012, wanda ake yi da ƙwayoyin jinin cibiya.

Ga dattijon kuwa, labarin bai kai yadda ake tallarsa ba. A 2023 aka wallafa wani babban gwaji a Amurka mai mutum 480, inda aka kwatanta allurar ƙwayoyin ɓargo da na kitse da na cibiya da allurar kotizon da aka saba yi, kuma bayan wata 12 babu wadda ta fi kotizon ɗin. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a yi wa masu cinyewar gwiwa da ƙugu allurar ƙwayoyin asali. A ganina wannan bincike ya cancanci a ci gaba da shi da gaske, amma bai kai matsayin da magidanci zai sayar da gonarsa ta fadama saboda shi ba.

Za a iya yin irin wannan aiki a Maraɗi?

Zuƙo ruwan gaɓa da auna shi aiki ne da likitan ƙashi ke yi ba tare da wata babbar na'ura ba. Renon ƙwayoyin ne ke da tsada. Yana buƙatar ɗaki mai tatacciyar iska, da wutar da ba ta yankewa dare da rana, da tukwanen iskar kabon, da ruwan naitirojin, da ma'aikatan da suka ƙware. Wanda ya san zafin watan Afrilu a nan, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ya san abin da hakan ke nufi: ƴan sa'o'i ba wuta suna iya lalata aikin wata guda. Duk da haka garin yana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sashenta na koyar da aikin likita, yana da babban asibitin da ake turo majinyata daga sassan jihar, kuma ina fata ɗalibanmu su shiga wannan fage, domin gwiwoyin manoma da mata masu daka da ɗaukar ruwa sun cancanci a yi bincike a kansu su ma.

Ai wanzamai sun daɗe suna fitar da ruwan gwiwa ta hanyar sakiya da ƙaho. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Cikin lafiyayyar gaɓa wuri ne da babu ƙwayar cuta, kuma idan ta shiga, mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki. Na ga saurayin da aka yi wa sakiya a kumburarriyar gwiwa, aka kawo shi bayan mako guda da zazzaɓi, ƙafar ta sandare, kuma ko da aka wanke gaɓar ba ta sake lanƙwasuwa yadda take ba. Ina girmama wanzamai da maɗora a kan abin da suka iya, amma roƙona shi ne kada ƙarfe ko aska su kusanci cikin gaɓa. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, mai ita ya kasa taka ta, a kai shi asibiti a ranar, musamman yaro ko mai sikila.

Garin magani da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook da sunan ƙwayoyin asali fa?

Yawancinsu daga tsirrai ake cewa an samo su, kamar tuffa da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama guringuntsin mutum, kuma duk ƙwayar da aka haɗiye ciki narkar da ita yake yi kamar sauran abinci. Allurar da ake yi a ɗakunan shan magani marasa izini ta fi wannan haɗari. A 2018 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti da cutar ƙwayoyin bakteriya, wasu a cikin gaɓɓai, bayan an yi musu allurar gurɓatattun kayan jinin cibiya. Wanda aka yi wa tayin zuwa wata ƙasa domin wannan allura ya tambaya a rubuce: daga ina ƙwayoyin suke, wace hukuma ce ta amince da su, kuma idan gwaji ne, me ya sa ake karɓar kuɗinsa?

Addini ya halatta?

Ƙwayoyin da ake magana a kansu daga jikin majinyacin ake ɗebo su, a mayar masa, babu ɗan tayi a cikin lamarin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin asali da aka samo daga baligi idan ya yarda kuma babu cutarwa a gare shi, haka ma na mahaifa da cibiya da izinin iyaye, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan domin samun su.

Me mai ciwon gwiwa zai yi a yanzu?

Ya fara da sanin irin ciwon da ke damunsa, ta hanyar ganin likita da ɗaukar hoton radiyo a tsaye, domin a tsaye ne ake ganin yadda tazarar ƙasusuwan ta matse. Idan akwai ƙiba, rage ta na da tasiri fiye da yadda ake zato, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ya ƙarfafa tsokar gaban cinya: ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa sambal, ya riƙe ta yana ƙirga goma, ya sauke a hankali, ya maimaita safe da yamma. Kada ya daina tafiya, tunda motsi ne ke ciyar da guringuntsi. Sanda a riƙe ta a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafar, ba gefen mai ciwo ba. Wanda sujada ko zaman tahiya ya gagare shi, shari'a ta ba shi damar yin salla a zaune. Magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ake saye a tebur suna ɓata ciki da ƙoda idan aka daɗe ana sha, don haka mai hawan jini ko gyambon ciki ko ciwon sukari kada ya sha su sai da sanin likita. Idan gwiwa ta cinye har barci ya gagara, akwai aikin sanya gwiwar ƙarfe da roba, wanda aka shafe shekaru da dama ana yi, kuma a wurin mafi yawan waɗanda aka yi wa yakan wuce shekara 15 yana aiki.